RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI: INA HAƘƘIN TSOFAFFIN MUBI YA MAƘALE?

Akwai wata magana wadda kowace unguwa a Mubi ta san da ita, tun daga Lokuwa da Kolere har ƙauyukan Gella da Vimtim, amma da wuya a ji an ɗaga murya a kanta a dandalin siyasa, balle a zauren majalisa. Maganar kuwa ita ce ta tsofaffin da gigin tsufa ya kama, har ya kai su ga ba su iya riƙe fitsari, waɗansu ma har da bayan gida. Akan ɓoye su a ɗakin baya, a turara ƙofa da turaren wuta domin kada baƙo ya ji zarni, in an tambaya a ce Baba yana barci, ko kuwa Inna ba ta jin daɗi. Iyali suna kiran wannan rufin asiri. Su kuwa mahukunta shirun ya yi musu daɗi, domin abin da ba a faɗa ba, ba ya shiga kasafin kuɗi.

To, Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya kamata a faɗa a fili shi ne, ƙunzugun manya, watau irin famfas ɗin nan da ake yi domin babban mutum, da ledar shimfiɗa, da sabulu, da ruwan wanki, duk kayan jinya ne kamar yadda allura da bandeji suke kayan jinya. Tsohon da ya rasa su, jikinsa kan fara ruɓewa alhali yana da rai. Gwamnatin da ta rubuta a dokokinta cewa kula da tsofaffi aikinta ne, sa'an nan ta bar talaka shi kaɗai da wannan nauyi, lalle ta ci amanar da ta ɗauka, kuma wajibi ne a gaya mata.

CIWO NE NA ƘWAƘWALWA

Da farko sai a kau da jahilcin da ya lulluɓe al'amarin. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho yake kamawa ba, domin ga dattawa nan da suka haura shekara 90 da hankalinsu garau. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana irinsa da ya fi yawa tun cikin 1906, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Wani irin kuma daga lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa yake tasowa, abin da hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki suke haddasawa, su kuwa waɗannan ba baƙi ba ne a ƙasar Mubi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu ciwon sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuwa suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10.

Kada wani ya ce ai ciwon Turawa ne. Tun cikin 1992 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, a ƙarƙashin marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun, suka haɗa kai da takwarorinsu na birnin Indiyanafolis ta Amurka, suka bi tsofaffi gida-gida, suka tarar a Ibadan fiye da biyu cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 65 suna da shi. A Zariya ma an yi irin wannan bincike, aka buga shi cikin 2011, aka sami kusan uku cikin ɗari. Mai karatu ya auna yawan tsofaffin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ya haɗa da na Maiha da Michika da Madagali waɗanda duk Mubi ce cibiyarsu, sai ya ga maganar ta wuce ta gida ɗaya ko gida goma.

Yadda ciwon yake kai mutum ga ɓata tufafinsa kuwa a fili yake. Ƙwaƙwalwa ce take gaya wa mutum mararsa ta cika, ita take tuna masa inda makewayi yake, ita kuma take sarrafa yatsun da za su kwance zariyar wando. In ta lalace, sai tsoho ya ji matsuwa bai san ko ta mece ce ba, ko ya tashi ya rasa hanyar masai a gidan da ya gina da hannunsa, ko ya isa can zariya ta gagare shi, ko gwiwa ta ƙi tsugunawa a bakin shadda. Babu ganganci a ciki, babu ƙeta. Amma saboda rashin sani, akan yi wa tsoho tsawa kamar yaro. Tsohuwar da ta fita da dare tana sambatu da jiƙaƙƙen zane kuwa, wani lokaci sai a laƙa mata maita, kowa kuma ya san abin da 'yan iskan gari suke yi wa wadda aka laƙa wa wannan suna.

Har wa yau, sau da yawa akwai wani dalili a ɓoye wanda magani yake warkarwa: ciwon sanyin mafitsara, ko taurin bayan gida, ko kumburin 'yar ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ko sugan da ya hau ba a sani ba, ko ƙwayar hawan jini mai sa yawan fitsari da aka sha da yamma. Ma'aikacin jinya da ya san aikinsa zai iya gano yawancinsu ba tare da wata babbar na'ura ba. Amma wa zai duba mara lafiyar da kunya ta hana a fito da shi?

ABIN DA KE FARUWA A ƊAKIN BAYA

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Iyalin da ba su da abin saye dabara suke yi, dabarun kuwa su ne suke ƙarasa tsohon. Ta farko ita ce rage masa ruwan sha domin fitsari ya ragu. A zafin Mubi na watan Maris da Afrilu wannan ganganci ne da rai, domin ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara ruɗewar hankali, yana kawo ciwon mafitsara da taurin bayan gida, yana kuma iya lalata ƙoda. Ta biyu ita ce a naɗa masa tsumma a ɗaure da ledar kasuwa. Ledar takan riƙe danshi da zafi, fata ta jiƙe ta saɓule, in kuwa tsohon ya daina tashi sai gyambon kwanciya ya ɓullo a kwankwaso da duwawu da dunduniya, ya yi ta ci har ya kai ƙashi. Ta uku ita ce a rufe shi a ɗaki, a raba shi da zaure da masallaci da coci da jikoki. Wanda hankalinsa yake gushewa kuwa, in aka raba shi da mutane sai gushewar ta ƙara sauri.

Wa ke ɗaukar wannan ɗawainiya? Mata ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin ɗari na lokacin da ake ɓatawa wajen jinyar masu gigin tsufa, mata ne suke bayar da shi. A Mubi, matar gida ce wadda ita ma ta manyanta, ko suruka mai goyo, ko jika 'yar makaranta da za a ce ta zauna gida yau, gobe ma ta zauna, har zangon karatu ya ƙare. Ita ke tashi da dare ta canza shimfiɗa, da asuba ta hau wanki. Littafin ƙa'idojin aikin agaji na duniya mai suna Sphere, bugun 2018, ya nuna cewa mai wannan larura da mai jinyarsa suna iya bukatar ruwa da sabulu ninki biyar na abin da sauran mutane suke bukata. Da rani kuwa, sa'ad da Kogin Yedzaram ya ja baya, rijiyoyi suka yi ƙasa, kowace jarka sai an biya 'yan ga-ruwa.

Akwai masu cewa ai gidan gandu yana nan, hannu da yawa zai ɗauki jinka. Waɗannan sun manta da abin da ya sami Mubi. Ran 29 ga Oktoba 2014 garin ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, bayan Madagali da Michika sun riga sun faɗa. Jama'a suka watse, waɗansu Yola, waɗansu duwatsu, waɗansu suka ƙetara Kamaru. An ƙwato garin cikin watan Nuwamba na shekarar, amma ba a ƙwato gidaje yadda suke a dā ba. An kashe magidanta, samari sun tafi neman abinci birane ba su komo ba, ga kuma bama-baman da suka tashi a garin cikin Nuwamba 2017 da Mayu 2018 suka daɗa yawan zawarawa da marayu. Tsoho nawa ne yau yake hannun bazawarar ɗansa, wadda ita kanta take neman mai taimakonta?

LISSAFIN DA YA FI ƘARFIN TALAKA

Lissafin ba shi da wuya. Wanda ba ya riƙe fitsari ko kaɗan yana bukatar a canza masa ƙunzugu sau uku ko huɗu tsakanin dare da rana, watau guda 90 zuwa 120 ke nan a wata. A ƙaddara ma kowane ɗaya naira 500 kacal ake sayar da shi, kuɗin wata ya kama naira 45,000 zuwa 60,000. Albashi mafi ƙanƙanta da dokar ƙasa ta yanka cikin Yuli 2024 kuwa naira 70,000 ne. Ashe ke nan ma'aikaci zai zaɓa ne tsakanin tsabtar mahaifinsa da tuwon 'ya'yansa. Wannan ma mai albashi ke nan. Ina ga manomin gyaɗa da dawa, da ɗan dako a kasuwar shanu, da tsohon ma'aikacin da yake zaman jiran fansho?

Tsadar ba daga sama ta faɗo ba. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Cikin Yuni 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin Gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Yawancin kayan da ake haɗa ƙunzugu da su da dala ake shigo da su, wanda aka gama kuma sai ya hau mota tun daga Ikko ya ratsa ƙasar nan kaf kafin ya iso Mubi a bakin iyaka. Kamfanin Procter & Gamble ya ba da sanarwar daina sarrafa kaya a Nijeriya cikin Disamba 2023, Kimberly-Clark kuma ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu cikin 2024. Su dai waɗannan na jarirai da audugar mata suke yi. Amma in masu kayan jarirai, da kasuwarsu ta fi kowace girma, sun naɗe tabarmarsu, ina tsoho zai sa ran sauƙi?

Bugu da ƙari, a ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin Gwamnati ya san 'yar takardar nan da ake miƙa wa mai jinya a ce ya je kemis ya sayo.

DOKA A TAKARDA

Abin takaicin shi ne, ba dokoki aka rasa ba. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 16, ya ɗora wa Gwamnati tanadin kula da tsofaffi da biyan fansho, a sashe na 17 kuma ya ce a tsare tsofaffi daga wulaƙanci da yasarwa. Sai dai masu wayo sun ajiye waɗannan sassa a babin da talaka ba shi da ikon kai ƙara kotu a kansa. Cikin 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, amma Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙin, ba ta taɓa cika shi ba. Cikin 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kula da lafiya tun daga tushe, da aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya. A farkon 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, cibiyar ba ta soma aiki ba sai 2021, shekarar da Majalisar Zartarwa ta amince da Manufar Ƙasa kan Tsufa. Cikin Mayu 2022 aka sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta kafa asusun marasa galihu, ta kuma ambaci tsofaffi da sunansu a cikin waɗanda za su ci moriyarsa.

A waje ma haka. Cikin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin kaya 50 na taimakon masu larura waɗanda ya kamata kowace ƙasa ta samar wa mutanenta, ta sa ƙunzugun manya a jeri ɗaya da keken guragu da tabarau da na'urar taimakon ji. Cikin 2017 kuma ƙasashen da ke cikin hukumar, har da Nijeriya, suka amince da shirin duniya na tunkarar gigin tsufa.

To, daga cikin wannan tulin takardu, wanne ne ya ƙetare gadar Yola ya isa ɗakin tsohuwa a Sabon Layi? In akwai layi guda a kasafin kuɗin Jihar Adamawa, ko na Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa ko ta Kudu, da aka rubuta domin ƙunzugu da ledar shimfiɗar tsofaffi, sai a fito da shi a karanta wa jama'a a rediyo, a faɗi nawa aka ware da wanda ya karɓa. Bikin Ranar Tsofaffi ta Duniya da ake yi ran 1 ga Oktoba, a raba atamfa a ɗauki hoto, ba ya shanya shimfiɗar kowa.

Ya kamata kuma masu mulki su tuna ko su wane ne waɗannan tsofaffi. Ƙasar Mubi ba gado Nijeriya ta ci ba. Dā can a hannun Jamus take, daga baya ta zama ƙasar amana a hannun Ingila. Cikin Fabrairu 1961 mutanen Arewacin Kamaru, maza da mata, suka yi layi suka jefa ƙuri'a, 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru, aka kafa Lardin Sardauna da hedikwata a Mubi. Waɗanda suka doshi shekara 90 a yau, samari da 'yan matan wancan layi ne. Su suka zaɓi ƙasar nan da hannunsu. Shin tukuicinsu ke nan, tsumma da ledar kasuwa?

HUJJOJIN MASU KAU DA KAI

Hujja ta farko da ake ji daga bakin manya ita ce, wai al'adar mutanen ƙasar nan ta isa, kowa yana riƙe iyayensa, ba kamar Turawa masu kai su gidan gajiyayyu ba. Gaskiya ne Fali da Gude da Fulani da Margi da Higi da Hausawan Mubi duk suna riƙe iyayensu, babu kuwa wanda ya nemi a raba su. Abin da ake nema shi ne a ba mai riƙon abin da zai riƙe da shi. Wanda ya yaba wa mace a kan haƙurin jinya, sa'an nan ya hana ta sabulu, daɗin baki kawai ya yi mata. Su kuwa masu wannan hujja, in nasu iyayen suka kwanta, Abuja ko Alƙahira ake kai su, a ɗauko ma'aikaciyar jinya ta kwana a gida.

Hujja ta biyu ita ce, wai sa wa dattijo ƙunzugu cin mutunci ne. Wane mutunci ya rage wa wanda ya kwana cikin fitsari, ƙuda na binsa, jikokinsa na toshe hanci? Mutunci shi ne ya fito zaure da busasshiyar riga a gaishe shi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Addini ma bai goyi bayan wannan kunya ba. Malaman fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake karantarwa a zaurukan Adamawa, sun buɗe wa mai yoyon fitsari babi nasa sun sauƙaƙa masa alwala, wanda hankalinsa ya gushe kuwa an ɗauke masa alƙalami. Kiristoci ma tun suna yara ake koya musu girmama uwa da uba a cikin dokoki goma. Ba a taɓa jin inda aka ce girmamawar ta ƙare ranar da mafitsara ta gaza ba.

Hujja ta uku ita ce babu kuɗi. Akwai na ayarin motoci da na tafiye-tafiye. Mubi kuwa ba matacciyar ƙasa ba ce: kasuwar shanunta tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan, tireloli suna lodi zuwa Kudu kowane mako, kuma kowace saniya da harajinta. Ina kuɗin yake tafiya? A Ingila hukumar lafiya ta ƙasa takan auna mai larura ta ba shi ƙunzugu kyauta. A Japan tun 2011 babban kamfanin ƙunzugun ƙasar ya ce cinikin na manya ya zarce na jarirai. Ba a ce Adamawa ta zama Japan ba. Amma jihar da ake iya raba gidan sauro gida-gida a cikinta, ba za ta rasa hanyar kai ledar shimfiɗa ba.

Akwai hujja ta huɗu, ita kuwa tana da ƙamshin gaskiya. Waɗansu ma'aikatan jinya suna tsoron kada ƙunzugu ya zama hanyar yasar da tsoho, a ɗaura masa da safe a manta da shi sai dare. Wannan tsoro daidai ne, domin ƙunzugun da ya kwana ya wuni a jiki shi ma gyambo yake haifarwa, wanda kuma aka ɗaura wa tun yana iya zuwa makewayi yakan daina zuwa. Maganin wannan shi ne kaya su zo tare da ilmi. A riƙa kai tsoho makewayi bayan kowace awa biyu ko uku ko bai nema ba. A sauya masa zariya da wando mai roba. A bar fitila a kan hanya da dare. Kafinta ya huda kujera a sa bokiti a ƙarƙashi a ajiye kusa da gado. A wanke fata a tsane ta a shafa man kaɗanya ko basilin. A riƙa juya wanda ba ya tashi. Robar fitsari kuwa, sai in likita ya ga dole, domin hanya ce ta shigar cuta.

Ƙasar nan ta taɓa karya irin wannan kunya. Dā matan da haihuwa ta bar su da yoyon fitsari korarsu ake yi daga ɗakin miji, ba mai ambatonsu. Tun daga shekarun 1980 wani likita ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya duƙufa yana yi musu aiki a Babbar Ruga ta Katsina da Asibitin Murtala na Kano, 'yan jarida da ƙungiyoyin mata suka yi ta magana, har Gwamnatin Tarayya ta mai da Babbar Ruga cibiyar ƙasa. Yau ana kiran ciwon da sunansa a rediyo ba mai sunkuyar da kai. Abin da aka yi wa 'ya, me zai hana a yi wa kakarta?

ABIN DA YA WAJABA

Gwamnatin Tarayya ta sa ƙunzugun manya da ledar shimfiɗa cikin abin da asusun marasa galihu yake biya, ta kuma tabbatar babu haraji ko kuɗin fito a kansu da kan kayan haɗa su. Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗauke harajin saye daga audugar mata da ake yi a gida, saboda haka hanyar sananniya ce.

Gwamnatin Jihar Adamawa ta tabbatar an ware rana guda a mako a babban asibitin Mubi domin tsofaffi kaɗai, a gwada fitsari da suga da jini, a duba magungunan da suke sha. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar tsofaffi tun 2012, bai kamata a ce dattijon Mubi sai ya yi tafiyar wajen kilomita 200 zuwa Yola, ko ya nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri, kafin a gaya masa sunan ciwonsa ba. A kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa shiga gidaje, kamar yadda suke shiga domin allurar rigakafi.

Ƙananan Hukumomin biyu su sa hakimai da lawanai da jauro-jauro su ƙidaya tsofaffin da suke kwance, domin mai unguwa ya san kowane gida. Su ba telolin Mubi kwangilar ɗinka ƙunzugun yadi mai wankuwa da shimfiɗa mai leda a ciki, wanda zai wadatar da rana, a bar na kanti domin dare da tafiya, kuɗin kuma ya tsaya a garin. Su tanadi yadda za a kwashe wanda aka yi amfani da shi, kada ya toshe masai da magudanan ruwa. Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da suke zaune a Mubi, su fito daga harabarsu su auna girman matsalar, su ƙera kujerar makewayi mai araha.

Masarautar Mubi, da limamai a huɗubar Juma'a, da fastoci ran Lahadi, su kira ciwon da sunansa, su gaya wa jama'a cewa tsohuwar da ke sambatu mara lafiya ce. Attajiran da ke raba shinkafa da azumi da Kirsimeti su tuna akwai gidan da ƙullin ƙunzugu ya fi buhun shinkafa amfani. 'Ya'ya maza kuma su daina turo gaisuwa ta waya suna barin mata da wanki.

Mai neman ƙuri'a da ya shigo Mubi, a tambaye shi a bainar jama'a nawa zai ware wa tsofaffi, a rubuta amsarsa a ajiye. Shi kuwa wanda yake kan kujera yau, mai ƙarfi da jiniya, ya tuna cewa in Allah ya ja kwanansa, akwai ranar da wani ne zai kwance masa zariya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.